Tabaran da Ya Hana Inna Zuwa Makka

Har yau in na tuna ɗan kawuna sai raina ya ɓaci. Shi ne ya dawo garinmu Mallawa daga Kano da wasu manyan tabarau guda biyu, irin waɗanda in ka ɗaura a fuska sai ka gan ka tsundum a wata ƙasa. Ya sa hoton masu ɗawafi a ciki, ya ce kowa ya zo ya ga Makka.

Tabaran ba ɗaya ba ne, kuma ya sani sarai. Ɗaya mai kyau ne, kana juya kai hoton na bin ka nan take. Ɗayan kwalin roba ne da ake zura tsohuwar waya a ciki. In ka waiwaya sai hoton ya yi nawa, ya biyo ka daga baya yana tangaɗi kamar amalanke a gargada. Mai kyan ya bar wa maza a zaure, na robar ya aika cikin gida.

Inna kuwa, mahaifiyata, ko babur za ta hau zuwa Dungass sai da lemon tsami a baki saboda tashin zuciya. A shekarar ne ni da 'yan'uwana muka samar mata kujerar hajji. Da murna ta karɓi tabaran, har alwala ta yi kafin ta ɗaura. Tana juyawa neman Ka'aba jiri ya kwashe ta, ta yi amai a kan tabarma gaban mata.

Kafin la'asar zance ya gama unguwa, wai Ɗakin Allah ne ya ƙi ta.

Na je na same shi a zaure. Na ce, “Kai, ka san wancan na robar yana sa jiri?”

Ya yi dariya ya ce, “Ni ma ya juya min ciki, shi ya sa na ba mata.”

Da ba don idon kawu ba, da na fasa masa kwalin a ka. Na ƙwace mai kyan na kai mata.

“Inna, ki gwada wannan. Laifin na'ura ne, ba naki ba.”

Ta ture hannuna. “Ɗana, a gaban hoto ma ga abin da na yi. Ina ga na tsaya gaban Ɗakin Allah kansa?”

Liman ya yi mata magana, mu ma mun yi har mun gaji. Kujerar ta bar wa ƙanenta. Kawu ne ya tafi, uban mai tabarau, ya dawo mata da zamzam a 'yar gora.