Yatsa Biyu da Gardamar Magani

Jama'a, yau na bar yatsa biyu a kasuwar Kafur!

Da hantsi ne. Ina niƙa wa wata Hajiya masara, sai bel ɗin injin ya zame. Na kai hannun dama in gyara. Ƙas! Ko da na duba, babu ƙaramin yatsa da na kusa da shi.

Hajiya ta yi salati, ta yage bakin mayafinta ta ɗaure hannun. Yayana Iro ya ja ni kemis ɗin Sunday, Ibon nan haifaffen garinmu.

Nan gardama ta tashi. Yaya ya ce, "Ba shi maganin nan mai gari-gari na cikin takarda! Shi nake sha in na dawo daga gona, kafin in wanke ƙafa ciwon jiki ya sake ni."

Sunday ya ce, "Malam Iro, wannan tsinka jini yake. Ƙwaya kuma takan jima kafin ta kama. Ga mai narkewa a ruwa, ya fi sauri."

Hajiya, da ta biyo mu, ta ce a shafa man zafi.

Sunday ya ce, "A kan ɗanyen ciwo? Haba Hajiya!"

Ni dai ina kallon maganin yana kumfa a kofi. Na shanye. Sunday ya ce, "Zafin ya fara raguwa?"

Na ce, "Ai bai zo ba tukuna."

Aka sa ni a-kori-kura zuwa asibitin Malumfashi, aka ɗinke.

Ɗazu matata ta kawo tuwo. Na miƙa hannun, na tsaya ina kallonsa. Sai ta koma ta ɗauko cokali.