Ƙafafu Takwas a Kan Nadia

Duk wanda ya zauna a unguwar Goutte d'Or ta Paris a farkon shekarun 1980, in bai san sunan Raliatou ba, to ya san tsintsiyarta. Tun daga Maraɗi ta taho da ita a ƙasan akwati, ta ɗaure ta a bakin doguwar gora. Raliatou mace ce mai sanyin hali, ka taka mata ƙafa a kasuwa ita ce za ta yi maka sannu. Amma ta hango yanar gizo a lungun rufi, sai ka rantse an zagi kakarta. Ta share ta ɗakinsu, ta share ta matattakala tun daga hawa na shida har ƙasa, har da ta wani tsohon maƙwabci da ya yi kuskuren barin ƙofarsa a buɗe.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne kitson zare. Ranar Lahadi mata kan yi layi a ɗakinta, ta naɗe gashi da baƙin zare har ya miƙe tsaye, ta lanƙwasa shi yadda ta ga dama.

Da mijinta Daouda ya sami aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, suka koma Vénissieux, cikin dogayen benayen Minguettes. Nan Raliatou ta sami aikin shara a makarantar da 'yarsu ɗaya tilo, Nadia, take karatu. Zaren kuwa ya daina fitowa. Ranar farko da Nadia ta je aji da kitson zare, yara suka tambaye ta ko kanta yana kama tashar talabijin. Ta dawo tana kuka, ta ce ba za a sake yi mata ba. Raliatou ta yi dariya a gaban mutane, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tura zaren can ƙasan akwati, ba ta ƙara maganarsa ba.

A watan Maris na 1986 makarantar ta shirya karnabal, bikin da yara ke shigar ban dariya su zaga unguwa. Ajin su Nadia suka zaɓi gizo-gizo. Mako biyu suna saƙa yana da farin ulu suna rataye ta a rufi da tagogi, suka mulmula ƙananan gizo-gizo na cakulan suka jera a faranti. Nadia, wadda ba a taɓa zaɓa a komai ba, ita aka ce za ta zama uwar gizo-gizo, ta ja gaba. Malamarsu, Madam Brunel, ta ce kada kowa ya faɗa a gida, sai iyaye sun gani da idonsu ranar Alhamis. Nadia kuwa ta riƙe sirri fiye da kima.

Ranar Laraba ba a karatu, ita ce ranar babbar shara. Raliatou ta yi mako biyu a wani ɓangaren makarantar, yau ne ta buɗe ajin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi salati.

"Mako biyu kawai na juya baya," in ji ta. "Gizo-gizon ƙasar nan ma ya fi namu cin abinci, dubi kaurin zarensa."

Ta ɗaura ɗankwali a hanci ta shiga yaƙi. Da ta ga baƙaƙen abubuwa a faranti, ba ta tsaya tambaya ba, ta bi su da bayan takalmi ɗaya bayan ɗaya, tana mamakin yadda ko ɗaya bai gudu ba. A kan kujera ta sami baƙar ledar shara da tsofaffin safa takwas cike da jarida a jikinta. Ta gode wa wanda ya ajiye mata leda, ta zuba komai a ciki, ta miƙa wa motar shara da hannunta. Wannan ledar ita ce rigar Nadia.

Da la'asar ta zauna tana ba Daouda labarin nasararta. Nadia ta ajiye cokali.

"Maman, leda mai safa? Ita ce kostim ɗina, rigata ta karnabal. Ni ce zan ja gaba gobe."

Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai suka zubo. Ta ce yanzu metires, wato malamarsu, za ta ba wata gaba, ita kuma a ce uwarta ce ta ɓata biki. Raliatou ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Daouda ya yi gyaran murya. "Maman Nadia, ba mu da leda ne a gidan nan?"

"Leda muna da ita, Malam. Safa takwas ne babu, sai in ka yarda ka tafi izin, wurin aikinka, da ƙafa tsirara har ƙarshen wata."

Raliatou ta kalli kan 'yarta. Sai ta tashi ta jawo akwati.

"Maman, ba na so," in ji Nadia. "Za su ce antan ce, irin ta talabijin."

"Gizo-gizo ƙafa nawa gare shi?"

"Takwas."

"To zauna. In ba ki so, da hannuna zan tsefe kafin magariba."

Ta raba gashin gida takwas, huɗu dama huɗu hagu. Ta naɗe kowanne da zare har ya miƙe, ta lanƙwasa shi a tsakiya ya yi gwiwa. Ta ɗinka jajayen maɓallai biyu a ƙyalle ta ɗaura mata a goshi. Nadia ta leƙa madubi ta girgiza kai, ƙafafun suka yi rawa su kaɗai. Ta sake girgizawa, dariya ta kuɓuce mata.

Washegari da sassafe Raliatou ta isa makaranta da sauran zaren da kwanon dubulan, wanda ta ce in an kalle shi a karkace ai yana ce. Ta ba Madam Brunel haƙuri da duk Faransancin da ta mallaka. Madam ta kalli rufin da ke walƙiya, ta kalli kan Nadia, sai ta zauna a kujerar yara tana dariya har da share ido. Daga nan matar da ta yi shekaru tana rushe yana ta hau tebur tana saƙa ta, tana yi tana neman gafarar Allah.

Nadia ce ta ja gaba. Iska na kaɗawa, ƙafafu takwas na rawa, tsofaffi suna leƙowa daga benaye. Yaran da suka yi wa Nadia dariya a da suka biyo Raliatou suna roƙon a yi musu. Ta shafa kan wata mai gashi kamar gemun masara, ta ce wannan ko zare ba zai riƙe ba, amma ta zo Lahadi a gwada.

Da suka koma gida Raliatou ta ɗauko tsinken tsifa. Nadia ta rufe kanta da hannu biyu.

"A bar shi, Maman. Da shi zan je lakwal gobe, har cikin aji."

Raliatou ta juya baya don kada a ga idonta. Da ta ɗaga kai, sai ga gizo-gizo na gaske a lungun kicin, ya shimfiɗa yanarsa hankali kwance. Hannunta ya kai ga gora.

"Maman, ɗan'uwana ne."

Ta daɗe riƙe da gorar, sannan ta jingine ta a bango.

"Ki faɗa wa ɗan'uwanki," in ji ta, "yana nan har ranar da kika ce a tsefe."