Goggon Jini da ƙofar ɗakin Yayana

Kafin likitoci su iso, Goggon Jini ta riga ta goge teburinta, ta jera kwalaben gwaji da auduga, tana murza tafukanta don su yi ɗumi. Ba ta yarda ta taɓa mara lafiya da hannu mai sanyi. Aikinta ɗibar jini ne a ɗakin gwajin asibiti, a nan sunan ya bi ta har ya danne na yanka. In tsoho ya zo a tsorace, sai ta ce, "Haba Baba, kai da ka aurar da 'ya'ya, allura ce za ta kayar da kai?" Kafin ya gama dariya an gama. A wannan watan take ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Yayana ne ya haɗa ni da ita. Mura ta shiga gidansa, kowa ya yi atishawa ya warke, shi kuwa sai da aka kwantar da shi da robar iska a hanci. Da ƙyar ya tashi. Shekara ta zagayo, abin ya maimaita. Sai gida ya shiga neman mai laifi, aka tsaya a kan 'yarsa ta fari, malamar ƙananan yara. Wai ita ke kwaso majinar 'ya'yan mutane ta kawo wa ubanta. Yaya, da yake akwai taurin kai, ya hana ta shiga ɗakinsa, ya ce ta zaɓa, ko makarantar ko shi. Daga bakin ƙofa take gaishe shi. Yarinyar nan ta rame, wallahi abin ya yi mini ciwo.

Likita ya nemi a binciki jininsa, Yaya ya ce atafau, jininsa ba na rabo ba ne. Goggo ba ta yi musu da shi ba. Ta tambaye shi abin da ya fi tsoro, ya ce komawa kan gadon nan. Ta ce, "To ba ni hannun, mu tambayi jinin dalili."

Ranar sakamako likita ya yi bayani tsaf, amma tsoro ya toshe wa Yaya kunne. Abin da ya ji kawai shi ne jikinsa ya lalace. Goggo ta same mu a benci, ta hango 'yar Yaya can nesa riƙe da jakarsa. Ta ce, "Waccan fa, me ya tsayar da ita kamar baƙuwa?" Na gaya mata. Sai ta zauna kusa da shi.

"Baba, jiki yana da mai shela, likitoci na ce masa intaferon. Ƙwayar cuta na shigowa, shi ke yin ihu a taso. Kai kuma garkuwar jikinka ta ruɗe, tana kama mai shelar ta rufe masa baki. Kafin a farga, cuta ta sauka huhu."

Yaya ya ce, "Amma ai ita ta kawo."

"Wataƙila. Wataƙila kuma kai ka kwaso a wurin aski. Duniya za ka hana numfashi? Abin da likita ya ce shi ne rigakafi a kan lokaci, mai mura ya rufe hanci da baki, kai kuma zazzaɓi na taɓa ka, ka taho a ranar. In ka kore ta, wa zai lura da numfashinka kamar ita?"

Yaya ya juya ya dubi 'yarsa.

Goggo, ke ce wadda aka ɗauka don ta cika kwalba, amma kika riƙa duban mai hannun da wanda ya rako shi. Ba ki yi wa Yaya ƙarya don ki faranta masa ba, ba ki kuma bar shi da tsoronsa ba. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai albarka. Ku da za ku gaji teburin nan, ku koyi neman jijiya, amma don Allah ku riƙa ɗaga kai.

'Yar tana nan tana koyarwa. Ranar da muka koma gida, ta durƙusa a bakin ƙofa za ta gaishe shi. Sai muka ji muryar Yaya daga ciki: "Wanke hannunki ki shigo, uwata. Na yi kewarki."