Mai Wanki da Atishawar Matarsa

Shekara talatin da biyu Baba Mai Guga ya yi yana wanki da guga a gidan da ke manne da nawa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk sun koɗe saboda sabulu. Igiya tara ya ɗaura a tsakar gida, kuma ko daga nesa ya hango riga ya san mai ita. Babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa ajiye kayan mutane a ƙasa ba. Da zarar shanya ta bushe, sai ya rungumo ta ya jibge a kan gadonsu, domin a cewarsa babu wurin da ya kai nan tsabta a gidan. Daga nan yake zarar kayan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa a teburin da ke gefen taga.

Matarsa, wadda duk layinmu ke kira Inna, lafiyarta ƙalau wata goma a shekara. Amma da bishiyoyin bakin titi da ciyayin filin bayan gida sun fara fure, sai ido ya yi ja, hanci ya kama zuba. Atishawa kuwa, na taɓa ƙirga goma sha ɗaya a jere ta kan katanga. Saboda haka kowace shekara takan haɗa jaka ta tafi wurin ƙanwarta, wadda ke zaune a hawa na huɗu a tsakiyar gari, ta yi wata biyu. Waɗannan watanni su ne azabar Baba. Yakan rame, yakan ƙone tukunya, yakan tare ni a ƙofa yana neman mu yi musu a kan ko za a yi ruwa, don dai ya ji muryar mutum.

Bara, ranar da Inna ta sauko da jakar, sai ga babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya, ta zo gaishe su. Ta shiga ɗaki ta tarar da tulin kaya a kan gado. Ta shafa yatsa a allon gadon, ta nuna wa mahaifinta wani gari rawaya mai laushi. Ta bayyana masa cewa garin fure ne da iska ke yawo da shi, yana manne wa duk abin da aka shanya a waje, kuma shi ne jikin Inna ba ya so.

"Baba, ai kai kake kwaso mata shi da hannu biyu, ka shimfiɗa mata a kan matashi."

"Ni? Kayan da na ɗauraye sau uku?"

Ranar bai ci abincin rana ba. Amma da yamma ya roƙi Inna ta ba shi mako guda kafin ta tafi. Ta yarda, da sharaɗin jakar za ta zauna a bakin ƙofa a ɗaure.

Washegari ya kwashe tarkacen da ke ƙaramin ɗakin ajiya na bakin ƙofar gida, ya mayar da teburin guga can. Kayan mutane ba su ƙara tsallaka falo ba. Ya wanke labule da zanin gado da rigunan matashi, ya ɗaura igiya a falo, ya kunna musu fanka. Mai gyaran keke na layinmu ya leƙo ya gani, ya fita yana ba da labari cewa Baba ya yi faɗa da rana, yanzu ba sa ga maciji. Tsintsiya ma an hana ta shiga ɗaki, sai tsumma mai laima. Tagogi a rufe suke da safe da kuma duk ranar da iska ta taso. Shi kansa ba ya shiga wurin Inna sai ya canza riga ya wanke kai da fuska, har ta ce a shekarun aurensu ba ta taɓa ganin ya yi mata kwalliya haka ba.

Ba zan ce atishawar ta ɗauke gaba ɗaya ba. Amma a kwana na bakwai, tare da maganin ɗigawa da likita ya ba ta, atishawar ta koma biyu ko uku da safe, idon kuma ya washe. Baba ya sunkuya zai kwance jakar.

"Ajiye min jakata, Malam."

"To, ba kin warke ba?"

"Hancina ne ya warke. Wa ya ce maka don hanci kaɗai nake zuwa? A can ba na dafa wa kowa, ba na neman wa kowa tabarau, sai dai a kawo min shayi ina kwance."

Baba ya zauna a hannun kujera, ya daɗe yana kallon igiyar da ya ɗaura a falo. Sannan aka shiga ciniki. Ta ce mako biyu, ya ce kwana biyu. Ta ce goma, ya tuna mata cewa bayansa har yanzu ciwo yake saboda goge daɓe. Suka tsaya a kan kwana biyar.

Da kansa ya ɗauki jakar zuwa tasha, ya maimaita wa direba ranar dawowarta har sau biyu, direban ya ce shi tuƙi kawai yake yi. Ranar Talata da hantsi, kwana biyar cif da tafiyarta, na ji muryarta ta kan katanga tana tambayar wanda ya bar bokiti a tsakiyar hanya, shi kuma yana rantsuwa cewa a nan ta bar shi.