Ranar da Muka Kai 'Yan Aji Shida Madatsa

Shekarar da aka tura ni koyarwa a wata firamare kusa da Maradun, ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori. Daga tagar aji nakan hango katafiloli can nesa suna tafiya a hankali cikin kawalwalniya, kamar ba su taɓa ƙasa.

Hedimastanmu dattijo ne mai farar riga. Ra'ayinsa shi ne, da an shiga darasin Turanci a ajiye Hausa bakin ƙofa, a fara da nahawu. Ni kuwa a kwaleji an koya mana a jawo yaro da harshen da ya tashi da shi. Kullum lokacin hutun tara muna gindin iccen bedi muna gardama.

"Malam, in ka bar musu Hausa, ba su sakinta har abada," in ji shi.

"Ranka shi daɗe, in na amshe ta, mi za su riƙa?"

Wata rana ya ce mu kai 'yan aji shida madatsa su ji Turanci daga bakin masu shi. Muka tafi a ƙasa, ta cikin gonakin gero, iska na kaɗa mayafan 'yan mata.

Baturen da ya tarbe mu ashe ɗan Italiya ne. Turancinsa a karye yake, rabi baki rabi hannu. Hedimasta ya gaishe shi da tsararren Turanci, shi ko ya yi ta murmushi, bai gane ba.

Sai wata yarinya marar yawan magana ta matso. Ta harhaɗa 'yan kalmominta, ta tambaye shi ko ruwan zai kai gonarsu. Na ji kuskure uku a jimlar. Shi kuwa nan take ya fahimta. Ya tambaye ta inda gonar take, ta nuna da yatsa. Ya tsuguna ya zana da'ira a yashi, wato inda ruwan zai cinye, ya ɗauki tsakuwa a madadin gonar, ya ajiye ta cikin da'irar.

Hedimasta bai gyara mata ko kalma ɗaya ba.

Bayan mako guda ya yarda in riƙa buɗe darasi da Hausa, muddin zan rufe da nahawunsa. Haka muka yi har aka canja mini makaranta. Yarinyar kuwa, kafin damina ta zagayo iyayenta sun kwashe sun koma wajen dangi a Bakura, ban kuma sake ganinta ba.