Baƙin Lemon da Na Dafa wa Baba

A shekarar da hanyar Kaduna ta koma sai da rakiyar sojoji, a shekarar ne Baba ya daina cin abinci. Mun ɗauko shi daga Kutemeshi bayan 'yan bindiga sun hana kowa taka gona, muka gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure a gidana cikin gari. Bai rufa wata biyu ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, hannu ya ɗan dawo, cin abinci ne ya ƙi dawowa. Tuwo sai ya taɓa shi da yatsa ya ture. Kunu kurɓa biyu. Fura, wadda a da idan bai sha ba sai ya ce ranar bai yini ba, ko kallon ƙwaryar ya daina yi.

Abu ɗaya ne yake wucewa ta maƙogwaronsa ba gardama: baƙin lemon kwalban nan mai kauri da kumfa, wanda ake haɗa wa mai jego da wanda ya ba da jini. A asibiti ya fara ɗanɗana shi, shi ke nan ya riƙe. Idan ya sha kwalba guda zai haɗiyi magani, har ya yarda ya tsoma ɗan burodi. Idan babu, sai mu yini muna lallashi kamar da jariri, yana kallon bango. Sai kuma manyan motocin kaya suka daina shigowa. Na zaga shagunan garin nan kaf da ƙafata, har Tsohon Birnin Gwari na aika a kan babur. Kowa maganarsa ɗaya, ya ƙare, sai an buɗe hanya.

Ni kuwa ina da wani hali, kuma na san ba halin kirki ba ne: ban taɓa yarda akwai abin sha da zai gagare ni ba. Zoɓona da kunun ayana ake nema a duk sunan da za a yi a unguwarmu. Na ɗauko tsohuwar kwalba na sa maigidana ya karanta min ƙananan rubutun da ke bayanta, don idona ba ya ganinsu. Ya ce ruwa ne, da sukari, da tsiron sha'ir da na dawa. Dawa! Dawar da ubana yake nomawa tun yana saurayi, ita aka kai Ikko aka zuba a kwalba, mu kuma muke nan muna jiran soja ya rako mana ita. Raina ya ɓaci ƙwarai. A take na ce ni zan dafa.

Maigidan ya ce masu yin abin nan fa injina ne da su masu girman ɗaki. Na ce masa shi da bai san inda ludayi yake a gidan nan ba ya bar min zancen.

Na farko na jiƙa jar dawa, na niƙa, na dafa, na tace, na zuba sukari. Baba ya kurɓa ya miƙo min kofin, ya ce kunu ne. Na biyu na ƙona sukari don ya yi baƙi, na wuce gona da iri, ya fito da ɗacin maganin shawara, ni kaina ban iya haɗiyewa ba. Na uku na ƙara dabino. Ya yi baƙi, ya yi kauri, ni a bakina har ya yi daɗi. Baba ya kalle shi ya ce ai wannan a mace yake, nasa idan an buɗe yana magana. Iskar nan yake nufi, da kumfar da ke taso wa mutum har hanci. Na haɗa kanwa da ruwan tsamiya na zuba, ya taso fuu, kafin in kai ƙofar ɗakinsa ya kwanta, ya bar wani ɗanɗano kamar ruwan wanki. A lokacin an kashe layukan waya a duk yankin, balle in duba yadda ake yi ko in kira wani. Tukunya bayan tukunya awakin maƙota ne suka ci riba, Baba kuwa agogon hannunsa har ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu.

Wadda ta ɗora ni a hanya wata dattijuwa ce Bagwariya da nake sayen itace a wurinta, Mama muke ce mata. Na san a da can tana dafa burkutu a ƙauyensu kafin ta bari, kowa ya sani, ba ta ɓoyewa. Na kai mata kukana. Ta ce ba dawa ce ke ba da wannan ɗanɗanon ba, tsiron ne. Ta koya min in jiƙa ta kwana ɗaya, in baza a kan buhu a inuwa, in rufe da ɗanyen ganye, in riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har ta fitar da farin gemu. Sannan in shanya, in raba biyu, in soya rabi a busasshen kasko har ya yi duhu, in ɓarza duka. Kada in zuba a tafasasshen ruwa, ta ce, ruwan ya zama wanda yatsa zai iya shiga ya fito da sauri, in bar shi ya huta kafin in tace in tafasa. Da zan tafi ta ƙara da cewa in sha a ranar, kada in bari ya kwana. Na ce to. A zatona tsami take gudar min, irin na kunun da ya kwana, kuma ban ga abin da za a koya min a kan kunu ba.

Sati guda na yi ina renon dawar nan. Kaji suka shiga ta farko, ta biyu ta yi funfuna saboda damina, ta uku ce ta yi. Ranar da na dafa, ƙamshin da ya cika tsakar gida shi ne dai ƙamshin kwalbar, har maigidan ya leƙo madafi. Zaƙin ma daga jikin tsiron ya fito, sukari kaɗan na sa. Na sanyaya a randa na kai wa Baba. Ya sha kurɓa uku, ya ce Allah ya yi min albarka, na yi ƙoƙari. Ya ajiye kofin. Na san wannan albarkar, ita yake sa wa duk wanda ya kawo masa abin da ba ya so. Na koma madafi na zauna a kan turmi na yi kuka, kukan haushi, ba na tausayi ba.

Ragowar na ɗura a robobin da nake sayar da kunun zaƙi, na murɗe murafan tam, na jera a bayan randa. Ba wuta, balle firji. Don takaici ban sake waiwayarsu ba sai a kwana na uku, da na zo neman roba. Na ɗauki ɗaya na ji ta yi tauri kamar an hura ta. Ina murɗa murfin ta yi tsss, kumfa ta biyo hannuna har gwiwa. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Na lasa. Zaƙin ya ɗan ragu, akwai wani ɗan yaji-yaji a harshe, da ƙamshi irin na ƙullun waina idan ya tashi. Wallahi abin da na gani ke nan, ƙullun waina. A gidanmu aka haife ni, gidan da ko hanyar da ake sayar da giya ba ma bi, ban san warinta ba, ban san daga ina take farawa ba. Ni a wurina giya wata aba ce da ake yi da gangan a wani mugun wuri, ba abin da zai zo da kansa bayan randata ba.

A gaban Baba na buɗe roba ta biyu don ya ji ƙarar. Idonsa ya buɗe. Ya shanye kofi guda, ya miƙo na ƙara masa rabi, ya ci burodi har da neman ƙari.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "yau kin kama shi."

Kwana biyar ina ba shi, safe da la'asar. Ya ci ɗan tuwo. Ya riƙa barcin rana mai nauyi, idan ya tashi ya yi ta ba mu labarin gonarsa ta bakin daji da shanun da Fulani ke kwantar masa a ciki da rani. Na dafa wata tukunyar, na ɗura, na jera, ina lissafin kwana uku kamar wata gwanar kamfani. Maigidan na sha masa kai da gori, na ce ya je ya gaya wa masu injina.

Gorin ne ya kai ni wurin Mama da roba guda a cikin mayafi. Na buɗe mata ina jiran yabo. Tun kafin ta kai hanci ta fashe da dariya, har tana dafa itace. Sai ta dubi fuskata, dariyar ta tsaya.

"'Yata, wa ya sha wannan?"

"Baba, Mama. Kwana biyar ke nan, ya ce na kama shi."

"Ban ce kar ya kwana ba? Wannan ai shi na bari. Ki ƙara masa kwana biyu, ƙato zai kayar."

Ban san yadda na dawo gida ba. Haushin kowa nake ji. Ina jin haushin Mama da ba ta fito ta kira abin da sunansa ba tun farko, ko da yake daga baya na gane kunyata ta ji, ta ɗauka duk macen da ta kai shekaruna ta sani. Ina jin haushin 'yan dajin da suka tare hanya, da kamfanin da ya koya wa tsoho abin da ba zai samu ba. Na fi jin haushin kaina. Mutumin da ya yi ladanci a masallacin ƙauyensu har muryarsa ta dishe, wanda ko goro ba ya ci a gidan da bai yarda da sana'ar mai shi ba, ni 'yarsa na riƙe masa kofi. Na kwashe robobin na tuttule a makwarara, warin ya cika gida, a lokacin kuma sai na ji shi sosai, ban san inda hancina ya tafi a da ba.

Maigidan ya ce in yi shiru. Ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, Baba bai sani ba, ni ban sani ba, magana ta ƙare. In ce masa dawar ce ta ƙare. Na yarda da rabin farko na maganarsa. Kwana biyu ina kai wa Baba sabon dafawa na ranar, marar iska, yana turewa. Ya koma kallon bango. A rana ta uku ya riƙe min gefen zane da hannunsa mai lafiya, ya ce ko ya yi min wani laifi ne na hana shi mai kyaun. Da ya yi min faɗa da na iya yi masa ƙarya. Da ya tambaye ni a haka, sai na durƙusa na gaya masa duka, tun daga tsiron har abin da Mama ta ce.

Ya tambaye ni kwana nawa, na ce biyar. Ya motsa yatsunsa yana ƙirgawa, na san sallolin da ya yi a kwanakin nan yake ƙirgawa. Sannan ya ce in tashi, ba ni da laifi, nufina alheri ne, shi ma ya san hukuncin wanda bai sani ba. Ya sa na kawo masa buta ya kurkure baki sau uku, bayan kwana uku da shan na ƙarshe. Ya ce abin da ya dame shi ɗaya ne, ya ji daɗinsa.

Bayan kamar sati biyu ayarin motoci ya shigo da rakiya. Ƙanin maigidana direba ne, ya sauke mana katon guda cur na ainihin lemon, da hatimin kamfani da komai. Ban tsaya sanyayawa ba. Na ɗauki kwalba da mabuɗi na shiga ɗakin, na nuna masa murfin bai taɓa buɗuwa ba, na sa maigidan ya karanta masa inda aka rubuta babu giya a ciki. Na buɗe a gabansa, na tsiyaya, kumfa ta taso har bakin kofi. Ya rame sosai a lokacin, sai da na tallafo kansa.

Ya kalli kumfar har ta kwanta. Na ce Baba wannan na kamfani ne, ba nawa ba ne, wallahi ba nawa ba ne. Ya ce ya sani. Na kai kofin bakinsa, ya rufe leɓe, ya kawar da kai a hankali.

"Ɗauke, Uwata. Ba ni ruwa."

Na ba shi ruwan. Kurɓa biyu ya yi.