Tagar Alphonsine

Ranar da Ovila Bilodeau ya fara aiki a shagon tsoho Zéphirin Gauvreau, a ƙasan birnin Kebek, bai duba ba ya zauna a kan farantin tagulla na buga hoto mai ɗanyar tawada. Haka ya ratsa kasuwa da hoton hasumiyar coci a bayan wandonsa, mata na nuna shi. Ya ce ai shi kaɗai ne coci ke bi a baya.

Aikinsa juya injin matsa takarda, don kafaɗar tsohon ta mutu. Tun kafin babban yaƙi Zéphirin ke yawo da allura da farantin da ya shafe da kaki, yana zana matakala da rufin kwano da bututun hayaƙi. Ya tsoma a asid, layi ya zauna, ya cika tawada, ya buga. Baƙin da jirgin ruwa ke saukewa da bazara su saya, a samu miyar wake.

Wanda aka fi nema shi ne hoton layin bakin kogi. Gidajen kuwa an rushe su don faɗaɗa tashar jirgi. A wata taga ta sama akwai mace tana shanya, matar Zéphirin ce, Alphonsine, wadda murar da ta biyo yaƙi ta ɗauke. Ita bai sa mata asid ba, da tsinin allura kawai ya ja ta, kuma irin wannan layin kowane bugu sai ya ɗan cinye shi.

Da kaka wani mai shago ya aiko a buga masa hoton nan da yawa. Ovila ya juya, ya ɗaga takarda. Bango na nan, taga na nan, matar ta koma hayaƙi-hayaƙi. Zéphirin ya daɗe yana kallo, ya jawo tsumma ya fara naɗe farantin.

"Haba Baba Zéphirin, sanyi na tafe, itace babu. Tagulla za mu tafasa?"

Tsohon ya ci gaba da naɗewa.

"To sake zana ta mana! Ƙara mata ƙiba, sa mata hula. Wa zai gane?"

"Da wane hannun? Da wace fuskar? Tagar nan nake leƙawa in tuna ta." Ya ɗaure tsumman. "Sau ɗaya na binne ta, Ovila, ba kai za ka murƙushe min ragowar ba. Saki injin nan, je ka juya bakinka, shi ba ya cinyewa."